Matatar Sirinji da Ruwan Kogin Kaduna a Damina

A garin Kaduna, idan aka ce matata, hankalin yawancin mutane yakan tafi ga matatar mai, amma wadda nake aiki da ita kullum a ɗakin gwaje-gwaje ba ta wuce murfin kwalba girma ba. Ɗan faifan roba ne mai faɗin milimita 13 ko 25, da siririn tantani a cikinsa, wanda ake murɗawa a bakin sirinji inda allura take zama, sannan a tura samfuri ta ciki kafin ya shiga na'urar bincike.

Na fi ganin darajarta a watan Agusta, lokacin da Kogin Kaduna yake cika ya yi jawur da laka. Ruwan da muke ɗebowa ta wajen Kakuri, ko da an bar shi ya kwanta har ya yi garau a ido, yana ɗauke da ɓarɓashin da zai iya toshe bututun na'urar HPLC mai rarrabe sinadaran da ke cikin samfuri, bututun da kuɗinsa ya ninka na matata nesa ba kusa ba. Idan kuma narkakkiyar dalma ake nema, ƙa'ida ita ce a tace da matata mai hujin maikiromita 0.45 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), domin abin da ya ratsa ta shi ake ƙirgawa narkakke. Mai 0.22 kuwa har bakteriya take tarewa.

Tantanin ma iri-iri ne. Na robar da ake kira PTFE yana jure sinadarai masu ƙarfi, sai dai na asalinsa ba ya barin ruwa ya wuce, nailan kuma yana riƙe furotin, don haka na wasu robobin, PVDF ko PES, ake nema ga samfurin ruwa mai furotin.

Abin da yake damuna shi ne maimaita matata. Wata rana sakamakon wani ɗalibi ya nuna sinadarin da ba ya cikin ruwansa, da na bincika sai ya ce, "Malam, ai na wanke ta sosai kafin na sake sa ta." Ban yi masa faɗa ba, domin na san daga aljihunsa yake saye, kuma kayan sun yi tsada. Na dai nuna masa tantanin da ya koma ruwan ƙasa, muka sake aikin tun daga farko da sabuwa, muka zubar da mililita ta farko ta ruwan da ya ratso ta. Da sirinjin ya yi tauri a hannunsa, na hana shi dannawa da ƙarfi don kada tantanin ya yage, muka fara tsane lakar da matatar zaren gilashi tukuna.