Buhu Shida na Riɗi da Layi Biyu a Waya

Shekarar da na sayar da riɗina buhu shida a kasuwar Gujungu, kuɗin bai kwana a gida ba. Tun a bakin kasuwa na tsaya wurin mai POS na tura shi asusun dillalin hannun jari, na hau babur ina jin na gano abin da sauran manoma ba su sani ba. Ƙannena, yanzu in na je shagon caji sai in ga zanen kore da ja a wayoyin da yawanku, shi ya sa zan ba ku labarin nan.

Wata uku na yi ina koyon karatun zanen farashi da daddare, a gindin darbejiyar makaranta inda sabis ya fi kamawa. Na koyi kyandir, wato 'yan siffofin kore da ja da ke cikin zanen, wanda kowane ɗaya ke nuna abu huɗu na yini guda: farashin buɗewa, na rufewa, iyakar tsada da iyakar araha. Da na ji asalinsa daga 'yan kasuwar shinkafa na Japan ne, sai na ce ashe 'yan hatsi ne irinmu. Na koyi layin matsakaici, wato ka tara farashin rufewa na kwana 50 ka raba gida 50, ka yi haka ga kwana 200. In layin kwana 50 ya haye na kwana 200, masana sukan ce kasuwa ta fuskanci sama. Na koyi ma'aunin RSI, mai auna ƙarfin hawa da saukar farashi, da aka fito da shi a 1978, wanda in ya wuce 70 a ce an cika saye, in ya faɗi ƙasa da 30 a ce an cika sayarwa.

Har yau ban raina ilimin nan ba. Ɗan kasuwar Dawanau ma da ka yake yin irinsa: ya san gero na araha da kaka, yana tsada in damina ta yi nisa rumbuna sun yi ƙasa. Amma shi yana ƙirga motocin da suka shigo da waɗanda suka yi lodi suka fita. Wannan ƙirgar ce ni ban yi ba.

A ƙasan kowane zane akwai wasu 'yan sanduna masu nuna yawan hannun jarin da aka yi ciniki a ranar. Ado na ɗauke su. Kamfanin da na zaɓa ƙarami ne mai araha, layukansa sun haye juna kamar yadda aka koya mini, amma sandunansa da ƙyar ake ganinsu. In akuya ɗaya tak aka sayar a kasuwar ƙauye, kuma mai suna gobe ne ya saya a gaggauce, ai ba za ka ce ka san kuɗin akuya ba. Sai ka je Maigatari ranar Alhamis. Ni kuwa a kan cinikin mutum biyu ko uku na ja layi da rula, na sa masa suna daɓen da farashi ba zai fasa ba.

Mako biyu yana hawa. Har maiɗakina na nuna wa.

Sai kamfanin ya fitar da rahoton kuɗinsa, asara ce. A kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, akwai dokar da ta hana farashi hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a yini guda. Da can kariya na ɗauke ta. Ga yadda take zama in babu mai saye: farashi ya sauka kashi 10 ya tsaya, masu sayarwa su yi layi, a tashi kasuwa, gobe a sake. Ku yi lissafin da kanku, kwana biyar a haka naira 100 ta koma 59. Kullum da safe sai in sa nawa a kasuwa, da yamma in tarar da shi yadda na bar shi.

A nan na yi wautar da ta fi ta farko. RSI ya faɗi ƙasa da 30, na ce araha ta zo, na ɗebo kuɗin taki na ƙara saye. Ma'aunin bai yi ƙarya ba, an cika sayarwa ɗin, sai dai ba ya faɗin ranar da za a daina. Ruwa ya sauka, taki rabi na iya sa wa gona, geron ya fito rawaya-rawaya. Kawuna ya tsaya a kan iyaka ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ita wannan kasuwar taku wace rana take ci, in je in roƙa maka su ba ka ko buhu ɗaya?"

Hedimastanmu ne daga baya ya ba ni labarin 2008, lokacin da ma'aunin farashin kasuwar baki ɗaya ya haura maki 66,000 a watan Maris, kafin shekara ta zagayo ya dawo wajen 20,000. Ya ce su ma a lokacin kowa gwani ne.

Ban bar kasuwar ba. Yanzu sandunan ƙasa nake fara dubawa, in ciniki ba ya gudana kullum ko layukan sun yi kyau wucewa nake yi. Ina karanta rahoton kamfani in san me yake sayarwa da bashin da ke kansa, in duba jerin NGX Lotus Islamic, wato kamfanonin da aka tantance bisa shari'ar Musulunci, saboda batun halal, in tabbatar dillali na da rajista da hukumar SEC mai kula da harkar hannun jari. Kafin in saya nakan rubuta farashin da zan fita a bayan littafin darasi, da biro. Na kuma rage yawan shiga da fita, don dillali da hukumomi kowa na yankar kasonsa a saye da sayarwa.

Hannun jarin nan na farko yana nan a asusuna, bai dawo kuɗinsa ba. Takin bana kuwa tun watan Afrilu na saya, yana ɗakin Kawu, makullin ma a hannunsa yake.