A shell, sifili ne gaskiya

Wanda ya saba da yarukan shirya manhaja irin C ko Python, inda sifili ke nufin ƙarya, yakan yi tuntuɓe a shell, wato manhajar da ke karɓar umarnin da ka rubuta ta gudanar da shi. Kowane umarni idan ya ƙare yana barin lamba tsakanin 0 da 255, kuma 0 ce ke nufin an yi nasara. Ita kaɗai `if` ke dubawa. Rubuta `echo $?` bayan umarni ka gan ta. In 127 ta fito, ba a samu umarnin ba ma.

Shi `[` ɗin da ake rubutawa bayan `if` don gwada sharaɗi, shi kansa umarni ne, ɗan uwan `test`, shi ya sa sai ka bar fili bayansa da kuma kafin `]`. Rashin sa alamar zance ya fi cin mutane. `[ $suna = Ali ]` zai fashe da `unary operator expected` idan `$suna` fanko ne, don shell ya share shi tun kafin `[` ya gani. A rubuta `"$suna"`. Lambobi kuwa da `-eq` (daidai da), `-lt` (ƙasa da), `-gt` (sama da) ake gwada su. Wanda ya rubuta `[ "$n" > 5 ]` bai gwada komai ba: ya ƙirƙiri fayil mai suna `5`, amsar kuma ta zo gaskiya muddin `$n` ba fanko ba ne.

Ɗauki shagon buga takardu a nan Maradi, inda ake kwafe aikin yini zuwa faifan waje kowane dare. Da bazara wuta na yawan ɗaukewa, kwamfuta ta tashi faifan bai haɗu ba. `[ -d /mnt/ajiya ]`, mai duba ko wurin da ake haɗa faifan na nan, zai ce lafiya lau, tunda wurin na nan ko babu faifai, sai `cp`, umarnin kwafi, ya yi ta cika babban faifan na'ura a ɓoye. `mountpoint -q /mnt/ajiya` ya kamata a tambaya, shi ke duba ko faifan ya haɗu a wurin.

Sai gajeren salon nan da matasa ke so:

`mountpoint -q /mnt/ajiya && cp -r aiki /mnt/ajiya || echo "babu faifai"`

Ana nufin in faifan na nan a kwafe, in ba ya nan a nuna saƙo. Amma ba daidai yake da `if` da `else` ba. Ƙarfin `&&` da `||` ɗaya ne, daga hagu ake bin su, don haka ko faifan na nan, in ya cika `cp` ya gaza, saƙon "babu faifai" zai fito, ka tashi neman matsala inda ba ta. Ni dai in mataki ya wuce biyu, `if` nake ba da shawara.

`[[ ]]`, salon gwaji na shell ɗin bash, ya fi haƙuri da fankon suna, amma a tsarin Linux na Debian da Ubuntu `/bin/sh` wani shell ne mai suna dash, wanda bai san shi ba. In za ka yi amfani da shi, layin farko ya zama `#!/bin/bash`.