Sirdin keke da wani dattijo a Karantina

Sai da na yi wata uku a Jidda kafin na sayi keke. A lokacin ɗakinmu na haya yana unguwar Karantina, kantin da nake kai wa mutane kayansa gida-gida yana wajen Balad, tsohon gari, kuɗin mota safe da dare kuwa yana cin rabin abin da nake so in aika wa mahaifiyata Kano. Na shiga Haraj Sawarik, kasuwar gwanjon da ke kudancin gari, na ɗauko wani tsohon keke. Larabawan nan saikal suke ce masa.

Sati biyu ban kai ba jiki ya ƙi. Zafin Jidda ba irin na gida ba ne, iskar Bahar Maliya a jiƙe take, zufa ba ta bushewa. Cinyoyina suka saɓule, ƙasana ya riƙa mutuwa kamar ba a jikina yake ba, zaman tahiya ma sai da dabara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda zan iya faɗa wa, don ciwon wurin da ake jin kunya ne. Na sayo sirdi mai kaurin soso, abin ya ƙaru.

Wani dattijo mai gyaran kekuna kusa da masallacinmu ne ya lura da tafiyata. A nan aka haife shi. Mahaifinsa ya zo a ƙasa ta Sudan, ya tsallako teku daga Suwakin. Hausarsa gauraye take da Larabci, amma Hausa ce.

"Ɗana, zo zauna a kan kwalin nan," ya ce.

"Baba, me kwali zai yi mini?"

Ya ɗora kwalin a kan dakali, na zauna na ɗan sunkuya. Da na tashi sai ga lotsawa biyu, sawun ƙasusuwan mazauni. Ya auna tsakaninsu, santimita 12. Ya ce waɗannan ƙasusuwa biyu su Allah ya yi don ɗaukar nauyi, sirdi kuma ya kamata ya fi tazararsu faɗi da kamar santimita 2. Soso mai laushi yaudara ce: ƙashi ya nutse, soson ya taso ta tsakiya ya danne jijiyoyi da hanyar jini. Abin da ke kashe mini jiki ke nan. Mai tuƙi a miƙe irina yana bukatar faɗi fiye da masu tseren da nake gani a bakin teku suna kwance kan keke.

Ya ba ni sirdi mai ɗan tauri, da tsagi a tsakiya, ya daidaita shi kan bai ɗaga ba bai sunkuya ba. Tsayin ma ya gyara: diddigena a kan feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sak. Ashe da ya yi ƙasa ainun, shi ya sa gwiwa ke ciwo. Ya ƙara da cewa in daina sa wando mai kaurin ɗinki a tsakiya, in kuma rufe sirdin da tsumma idan na ajiye keken a rana.

Ya ƙi karɓar kuɗin aiki. Ya ce Juma'a in zo gidansa cin tuwo, in ba shi labarin Kurmi, kasuwar da mahaifinsa ya yi ta ambata har ya rasu. Na je, kuma tun ranar ban fasa ba.