Kafin ka danna ɗauka, gano inda ƙugin gitarka yake fitowa

Ƙannena masu ɗaukar sautin gita da kwamfuta a ɗaki, kuskuren da ya fi cin mana lokaci shi ne mu ɗauki sauti da ƙara a ciki, muna sa ran manhaja za ta wanke ta daga baya. Takan rage ta, amma tare da daɗin sautin take tafiya.

Fara da caja. Zare ta daga kwamfutar tafi-da-gidanka da kake ɗaukar sauti da ita, ka saurara. In ƙugin ya ɗauke, ta hanyar wutar gida yake shigowa, wadda a Najeriya da Nijar take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Janareto da inbata mai araha sun fi ɓata lamarin. Cika batir, ka ɗauka a kansa. Kada ka karya ƙafa ta uku ta fulogi don kashe ƙugi, ita ce ke kare ka daga jan wuta.

In bai ɗauke ba, mai yiwuwa gitar ce ke kwaso shi. Fikof, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗauko sautinta, in mai naɗin waya ɗaya ne, yana jawo ƙara daga allon kwamfuta, dogon ƙwan fitila da wayar salula. Matsa baya kamar mita ɗaya ko biyu, ka riƙa juyawa a hankali da gitar a jikinka, za ka tarar da kusurwar da ƙarar ta fi kwantawa. Nan za ka zauna. Sai ka taɓa tsirkiya: ƙugin ya kamata ya ragu. In bai canza ba, mai yiwuwa wayar da ke cikin gitar, mai haɗa gada (ƙarfen da tsirkiya ke zaune a kai) da layin ƙasa na lantarkin gitar, ta tsinke, sai mai gyara ya yi mata dalma.

Ramin makirfo na kwamfuta ba don gita aka yi shi ba. Nemi akwatin sauti na USB, wato na'urar da ke shigar da sautin gita cikin kwamfuta, ka kunna maɓallinsa na gita mai rubutun INST ko Hi-Z, da kebul na gita da bai wuce mita 5 ba. Kebul na lasifika ba shi da rigar kariya mai tare ƙara, duk da kamanninsu ɗaya. Daidaita ƙarfin shiga yadda bugunka mafi ƙarfi zai tsaya wajen -12 dB a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar, ka kuma saita ingancin ɗauka a kan bit 24.

Ƙas-ƙas kuwa daban ne, kwamfutar ce ta gaza. Ɗaga bafa, wato yawan sautin da kwamfutar ke tarawa kafin ta sarrafa, zuwa 256 ko 512 a saitin manhajar, ka rufe burauza.

Abin da ya saura na ƙara sai Audacity, manhajar ɗauka da gyaran sauti: bar daƙiƙa 5 ba ka kaɗa komai a farkon ɗauka, ka ba shi wannan a matsayin samfurin ƙara, ka rage 6 zuwa 12 dB kawai. In ka zarce haka, gitar za ta koma kamar a ƙarƙashin ruwa ake kaɗa ta.