Mun Karrama Malam, Awaki Suka Cinye Rabin Karramawar

Bayan ƙaramar Sallah ne wani daga cikinmu, tsofaffin ɗaliban wata firamare a cikin garin Bauchi, ya jefa magana a rukuninmu na WhatsApp cewa ya kamata mu karrama malaminmu na kimiyya tun yana raye. Aka ɗora mini shirya taron, wai tunda bakina ba ya gajiya.

Ba don jarrabawa muke tuna Malam ba. Yakan fitar da mu bayan aji, ya dafa itace ya ce, "Wane ne wannan?" Wane ne yake cewa, sai ka ce mutum yake gabatarwa. A wurinsa na san gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina, ya yi kore shar da rani, shi ya sa manomi ke barin sa a tsakiyar gona: ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne. Shi ya nuna mana kalwar ɗorawa da ake daddawa da ita, da ƙwaryar kaɗanya da ake man kaɗe.

Muna aji shida ya kai mu Yankari a motar haya, muka ratse ta Dindima. Mu hankalinmu yana kan wankan Wikki, ruwan da ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina. Shi kuwa sai ya tsayar da mu a kan kashin giwa, ya tone shi da tsinke, ya nuna mana ƙwallayen 'ya'yan itatuwa a ciki. Ya ce tun 1956 aka keɓe dajin nan, amma giwa ta riga gwamnati fara shuka a cikinsa. Mun yi ta toshe hanci, amma har yau ban manta ba.

Na tsayar da 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya. Muka kama ɗakin taro, aka sassaƙa lambar yabo, aka saya masa shadda, sannan na sayo dashe arba'in da za mu kafa a harabar makarantar da sunansa. Da na kai masa takardar gayyata, ya ce, "Ɗana, ku bari damina ta zauna." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, an riga an buga kati." Ya yi murmushi kawai.

Ranar taro ya karɓi lambar ya yi godiya, ya miƙa wa jikansa. Da muka fita wajen dashen sai ya zagaya su yana kallo. "Duk darbejiya ce? Baƙuwa ce fa daga Indiya. Ina 'yan gida?" Kunya ta rufe ni, don gaskiya ita na samu da arha.

Ruwa ya ɗauke kusan mako biyu bayan nan. Ba mu yi shinge ba, ba mu ɗora wa kowa ban ruwa ba, kowa ya ɗauki hoto ya tafi. Abin da rana ta bari, awakin unguwa suka ƙarasa. Da na ƙirga, goma sha bakwai ne suka rage.

Na koma gidan Malam kaina a sunkuye. Bai yi faɗa ba. Ya kai ni bayan ɗaki, ashe yana renon kuka da tsamiya da ɗorawa a ledodin ruwa. Ya ce irin kuka sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko an kankare ɓawonsa kafin ya tsira da wuri. Ya ce a kewaye kowane dashe da ƙayar magarya, kuma a ba kowane itace yaro ɗaya da zai san nasa ne.

A watan Yuli muka sake, ba kati, ba lasifika, daga mu sai 'yan aji biyar. Malam yana kan kujera a inuwa yana tambayar su, "Wane ne wannan?"

Lambar yabon tana kan kabad, ƙura ta hau ta. Shekaranjiya ya kira ni da asuba, wai an ce masa ɗorawar bakin ƙofa ta soma rawaya, in je in duba ko gara ce.