Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Wai Boko Ya Ƙare a Raino

Jama'a barkanmu da wannan mako. Mun tsaya a inda na gama NCE, shekarun da na yi ina koyarwa a firamare kuwa ba sai na ja ba, aure ne da goyo da alli shikenan.

Maganar Baffa ce ta hana ni sakat yau, Allah ya jiƙansa. Ranar da na ce masa zan koma jami'a in yi bincike kan karatun yara 'yan ƙasa da shekara 6, cewa ya yi "yanzu ke duk bokon naki a raino zai ƙare?" Wallahi har gobe tana min ciwo. Goggo ce ta tare min, ta ce Malam ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ka bar yarinya.

A 2004 aka yi dokar UBE, wato ta ilimin bai-ɗaya a matakin farko, aka sa kula da yara kafin firamare a ciki, muka yi ta murna. Amma da ni da abokan bincikena muka fara zagayen ƙauyuka sai ka tarar da 'yan rabin aji a ƙasa ko tabarma babu, malamar da aka ba su kuma ita ce wadda hedimasta ya rasa inda zai kai ta, tana ta rera musu ABCD da Turanci suna amshi ba su san me suke faɗa ba, alhali a lokacin manufar ilimi ta ƙasa da kanta ta ce a fara wa yaro da harshen uwa ko na garinsu. Muka rubuta a koma wa tatsuniya da waƙa da ƙirga da tsakuwa, a kuma horar da malamansu daban.

Na kai wannan wani taro a Abuja, wani oga ya ce "Hajiya mu kuɗin gina aji muke nema, ke kina zancen wasa." Muryar Baffa na ji sak, raino dai raino dai. Shi Baffa ma uzuri nake masa, bai taɓa shiga aji ba, shi wannan fa?

A 2013 aka sa shekara 1 ta share fagen firamare cikin tsarin karatu. Baffa bai kai ba, na so a ce ya gani. Goggo na karanta wa takardar, ta sa aka dama min fura.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin rahotonmu da ya kwana a durowa.