Rangwame daga ribata yake fita, ba daga tayar mota ba

Sana'armu kai mutane yawon buɗe ido ne a ƙungiyance. Ofishinmu ɗan ƙarami ne a Agege, kuma yawancin masu hulɗa da mu 'yan Arewa ne mazauna Legas: makarantun Islamiyya, matan da ke adashe tare, 'yan kasuwar Mile 12 da Alaba Rago, sai iyalan da suka yi baƙi daga Kano ko Sakkwato suna son a nuna musu teku. Za ka ga mutum ya shekara ashirin a Ikko, amma daga gida sai kasuwa sai masallaci, ko Badagry bai taɓa leƙawa ba.

Ban shigo harkar nan ta ƙofar boko ba. Yaron mota na yi a layin Legas zuwa Kano, a hannun wani dattijon direba, Allah ya jiƙansa. Kafin asuba yake tashina da tocila, mu zagaya motar taya bayan taya. Ya duba ruwa, ya duba baƙin mai, ya sa ni in taka birki yana tsugune yana saurare. A wurinsa na koyi cewa ba a ƙirga fasinja daga bakin ƙofa. In an tsaya sallah ko cin abinci, shiga zan yi in bi kujera kujera, in tambayi kowa ina na kusa da shi. Har yau haka yarana suke yi, sai dai mun ƙara da takardar sunaye mai lambar wayar wani ɗan'uwa na gida, ɗaya a mota, ɗaya a ofis.

Motoci haya muke ɗauka, kuma a nan ciwon kan yake. Ka je da yamma ka duba mota lafiyayya, ka ba da kafin alƙalami, da safe a turo maka wata daban da tayoyin gwanjo an shafe su da baƙin fenti suna ƙyalli. Kowace taya tana da lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: in ka ga 2322, an yi ta ne a mako na 23 na 2022. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana gargaɗi kan tayar da ta haura shekara huɗu, ni kuwa ko zanenta bai cinye ba mayar da motar nake yi. Gara fasinja su yi awa guda suna harara ta a tasha.

Tafiyar da na fi alfahari da ita ta Badagry ce. Muna fita da sassafe saboda cunkoson hanyar. Mu fara da benen da 'yan mishan suka gina a 1845, mu shiga gidan Seriki Abass inda aka riƙa tsare bayi a ƙananan ɗakuna masu duhu, a nuna wa mutane sarƙoƙin su ɗaga su ji nauyinsu. Daga nan sai kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, a taka a ƙasa cikin yashi har bakin teku, inda bayi suka yi sallama da ƙasarsu. Tsallakawar ba ta da nisa, shi ya sa mutane ke raina ta. Mutanenmu da yawa ba su iya iyo ba, ga hijabi da babbar riga masu shan ruwa. Dokar LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, ce kowa ya sa rigar ceto, amma wadda masu kwale-kwale ke miƙowa sau da yawa igiyarta ta tsinke, sai dai a rataya ta a wuya don ganin ido. Na sayi namu, har da na yara ƙanana, kuma da hannunmu muke ɗaure wa kowa. Mata, ma'aikaciyarmu mace ce ke ɗaure musu. Ba ma bari magariba ta same mu a kan ruwa.

A gandun dajin Lekki kuma, gadar nan da ake takawa ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401 ita kowa ke ɗoki. Tana lilo, kuma akwai wanda sai ya kai tsakiya gwiwarsa take sanyi, don haka jagora ɗaya a gaba, ɗaya a baya. In hadari ya haɗo ba ma hawa. Birran wurin kuwa ɓarayi ne na ƙin ƙarawa, kada ka shiga da leda a hannu. Abeokuta ta fi sauƙi tun da jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan ya fara aiki a 2021, yana tsayawa nan Agege, mu sauka a Abeokuta mu hau dutsen Olumo.

To, sai batun kyautata wa wanda ya saba da mu. Muna ba da kati, duk tafiya a buga hatimi. In ka cika biyar, ta shida rabin kuɗi. Malamin da ya kawo ɗalibai mota guda ba ya biyan kujerarsa, haka shugabar ƙungiyar mata. Tsoffin abokan hulɗa su ke fara zaɓen wurin zama, kuma su muke fara sanar wa tafiyar bayan Sallah kafin mu saka a WhatsApp da Facebook. Gyara ce irin wadda mai awo ke ƙara wa wanda ya saba saye a wurinsa. Daga ribata nake yanka ta. Ba na rage direba na biyu, ko akwatin magani, ko ruwan sha, don in cike gurbinta.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu kwaikwayo. Yaro ya kwashi hotunanmu a intanet, ya manna lambarsa, ya karya farashi, har da alkawarin tafiya kyauta bayan biyu. Kuɗin daga ina zai fito? Daga cusa mutum ashirin da biyu a mota mai kujera goma sha takwas, da direban da ya kwana a hanya. Kwanaki wata baiwar Allah ta zo da wayarta tana nuna min tallan irin waɗannan.

"Alhaji, ka ga nasu fa, kusan rabin naka. A yi mana ragi mana."

Na ce, "Hajiya, Allah ya ƙara girma, ki tambaye su kujera nawa ce a motar, mutum nawa za su ɗauka, kuma wa zai ɗaure wa jikokinki rigar ceto."

Ta kira su a gabana. Suka ce yara ai a cinya ake riƙe su. Ta kashe wayar, ta ce in rubuta mata mutum tara, amma fa sai na buga mata hatimi biyu. Ɗaya na buga, na ƙara wa yaran lemo.

Tafiyar Badagry mai zuwa ranar Lahadi ce ta farko bayan Sallah. Mota na tashi bayan sallar asuba, za a yi azahar da la'asar a can, abinci kuma daga gida muke dafo shi. Masu kati su zo da katinsu, wanda nasa ya ɓata sunansa na cikin littafinmu. Mai hawan jini ko ciwon suga ya faɗa mana tun wajen rajista, ya kuma taho da maganinsa, don tattakin Gberefu cikin rana ake yin sa.